Abotar Kalmomin Ingilishi a Fagen Faɗa da Nuna Ƙarfi: Darasi ga Makarantun Rano da Kibiya

Gabatarwa

Kowace kalma ta Ingilishi tana da abokan tafiyarta, wato kalmomin da kunne ya saba jin ta tare da su. J. R. Firth, masanin harshe ɗan Ingila, shi ya ja hankalin manazarta ga wannan abota a shekarun 1950, kuma a 2002 Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da ƙamus sukutum a kanta. Batun ya shafi ɗaliban sakandare na Rano da Kibiya, waɗanda Hausa ce harshensu na gida da kasuwa, amma da Ingilishi suke rubuta jarrabawar WAEC da NECO.

Sifa da Suna

Ma'anar sifar "aggressive" tana bin sunan da ta raɓa. Idan ta haɗu da "driver" ko "dog", tana nuna masifa da neman rigima. Idan ta haɗu da "marketing", himmar talla take nufi, har ma yabo ne a wurin 'yan kasuwa. A bakin likita kuwa, "aggressive cancer" ciwon daji ne mai saurin yaɗuwa. Sauran sifofi ma sun raba gari: "heated" ta fi zama da gardama, "bitter" da tsohuwar gaba, "fierce" da gumurzu, "violent" da laifin da aka taɓa lafiyar jiki.

Aikatau da Suna

Nan zaɓi ya fi ƙunci. Tsokanar faɗa "pick a fight" ce, kai hari "launch an attack", surfa zagi "hurl insults", kai naushi "throw a punch". Wanda ya sauya aikatau ɗaya da mai kama da shi za a iya gane nufinsa, amma mai duba jarrabawa zai ja masa jan biro.

Tasirin Hausa

Hausa ma tana da irin wannan tsari. Aikatau "ci" kaɗai ya haifar da cin zarafi, cin mutunci da cin zali. Daga sassan jiki aka sami taurin kai, zare ido da ɗaure fuska. Ba a cewa "shan zarafi", ko da yake nahawu bai hana ba. Matsala tana tasowa ne idan ɗalibi ya kwashi haɗin Hausa ɗungurungum ya zuba shi cikin Ingilishi, har baƙar magana ta koma "black talk".

Lamarin ya wuce samun maki. Idan shanu suka shiga gona da kaka rikici ya tashi, mai rubuta rahoto da ya ce "clash" ya nuna ɓangarori biyu ne suka gwabza, wanda ya ce "attack" kuwa ya riga ya ɗora laifi a kan ɗaya. Kalma guda tana iya sauya yadda hukuma za ta kalli shari'a.

Shawarwari

Ya kamata malami ya riƙa koyar da kalma tare da abokiyar tafiyarta, ba ita kaɗai ba. Ya fara da haɗe-haɗen Hausa da ɗalibai suka sani, sannan ya jera musu takwarorinsu na Ingilishi. Kanun labaran jaridu irin su Daily Trust kayan aiki ne masu sauƙin samu: ɗalibai su tsamo haɗin kalmomi daga ciki, su rubuta a littafi na musamman, su yi amfani da su a insha'i kowane mako.