Furannin Damina a Garinmu: Kira ga 'Yan'uwa Mazauna Birane



Mun lura duk sa'ad da kuka zo gida, sababbin gine-gine da tarurrukan biki ne kaɗai kuke ɗauka a hoto. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai galibinku da rani kuke zuwa, saboda haka 'ya'yanku ba su san garin nan cikin adonsa na damina ba.

Roƙonmu shi ne, wanda Allah ya nufa da zuwa tsakanin Yuni da Satumba ya ɗauki kyamara ko wayarsa, ya zagaya bayan gidaje kafin rana ta take. Zai tarar da furen kabewa, ruwan ɗorawa, a bisa danga, da na kuɓewa mai jan ciki, wanda yini guda kurum yake yi. Na duma sai da yamma yake buɗewa. Na kuka kuwa fari ne fat, yana buɗewa da dare jemagu su kai masa ziyara, kashegari ya soma yaushi. Mai son hotonsa sai ya yi sammako tun farkon damina.

Wanda ya fi damun mu shi ne bado. Kududdufan da muka taso muna tsinkarsa a cikinsu ana ta cike su ana yanka filaye. A fara da waɗanda suka rage.

Kowane hoto a rubuta sunan furen da Hausa, da unguwa, da kwanan wata, a aika wa sakataren ƙungiya, domin mu buga a mujallar baɗi, mu kuma raba wa makarantun firamarenmu.