Yadda Ƙoda Take Jin Gudun Ruwa: Jawabi a Zauren Ƙungiyar Ɗalibai



Yawancinmu mun ɗauki ƙoda tamkar rariya, jini ya shiga, fitsari ya fita. Abin ya wuce haka. A kowace ƙoda akwai 'yan matatu kamar miliyan ɗaya, kuma a kwana guda su biyun suna tace ruwa wajen lita 180, amma abin da ke fita fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duka 'yan siraran bututu ne ke tsotse shi su mayar cikin jini. To, ƙwayoyin jikin da ke shimfiɗe a bangon bututun nan, yaya suke sanin ko ruwan ya ƙaru, ko ya ragu, ko ya tsaya cik?

Kusan kowace ƙwaya tana da wani silin gashi guda ɗaya tak, wanda ya miƙe cikin ruwan kamar karan da aka kafa a rafi. Wani masani, Zimmermann, ya bayyana shi tun 1898, amma aka yi kusan shekara ɗari ana yi masa kallon abin banza. Ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido. A 2001 Praetorius da Spring suka raini ƙwayoyin ƙodar kare a ɗakin bincike, suka lanƙwasa gashin, sai suka ga sinadarin kalshiyam ya yawaita a cikin ƙwayar. A 2003 kuma ayarin Jing Zhou a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna cewa wannan amsa ba ta samuwa sai da wasu furotin biyu da ke zaune a jikin gashin, watau polisistin na ɗaya da na biyu.

Nan ne likitoci suka kasa kunne, domin ƙwayoyin gadon da ke ƙera furotin ɗin nan, PKD1 da PKD2, su ne idan suka lalace ƙoda take cika da jakunkunan ruwa, ta kumbura, a ƙarshe ta gaza. Ciwo ne na gado. In ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne ya gada, kuma kusan rabin masu shi kan buƙaci wankin ƙoda ko dashe kafin su wuce shekara 60.

Sai dai fa kada mu ɗauka magana ta ƙare. A 2016 Delling da Clapham suka sake gwajin da na'urori masu kaifin gani, suka lanƙwasa gashin, ba su ga kalshiyam ya fara shiga ta nan ba. Har yanzu masana suna jayayya. A ganinmu abin da ya tabbata shi ne ƙwayar tana jin ruwan, amma gashin ba shi kaɗai ne kunnenta ba. Fatar ƙwayar ma da sauran gasun da ke kanta suna jin gogar ruwa.

Saƙon kuwa ba ya tsayawa a bakin ƙofa, har cibiyar ƙwaya yake kai wa, inda ake ajiye ƙwayoyin gado, ya kunna waɗansu, ya kashe waɗansu. A 2004 ayarin Michael Caplan a Jami'ar Yale suka ɗaure magudanar fitsarin ɓera, ruwa ya daina gudu, sai suka tarar wutsiyar polisistin na ɗaya ta gutsure ta tafi cibiya. Ashe tsayawar ruwa ita ma labari ce da ƙwaya take karɓa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka a kududdufai da madatsun ruwa, ƙwayayenta kan maƙale a bangon mafitsara da magudanar da ta sauko daga ƙoda, su bar tabo, hanya ta ƙuntata. Tsakuwar ƙoda da kumburin marainar mafitsara ga dattawa su ma haka suke toshe hanya. Idan toshewar ta daɗe, ƙwayoyin bututu sukan kunna ƙwayoyin gadon da ke jawo tabo, naman ƙoda ya taurare, kuma wanda ya riga ya taurare ba ya komawa daidai ko da an buɗe hanyar daga baya. Ga shi kuwa a ƙauyukanmu da yawa ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ga yaro, alhali maganin Praziquantel yana kashe tsutsar tun ba ta kai ga toshe hanya ba.