Wa Zai Gaji Shugaban Taron Ƴan Kasuwa?

Jawabin da wakilinmu ya gabatar a gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Gangara, jihar Maraɗi.

 

Kun gayyato ni a kan tambaya guda: idan mutumin da ya daɗe yana jan ragamar taron ƴan kasuwa ya sauka, ta wace hanya za a nemo magajinsa? Ku ba ni dama in fara da labarin wata kasuwa mai nisa, domin an ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Duk mai wayar zamani ya san Google, inda mutum ke rubuta abin da yake nema a nuna masa. To, akwai masu sana'ar taimaka wa kamfanoni hajarsu ta fito a sahun gaba idan mai saye ya zo nema. Dillalai ke nan, sai dai kasuwarsu tana cikin intanet. A shekarar 1999 aka buɗe musu taro a birnin San Francisco na Amurka, mai suna SES. Wani ɗan jarida, Danny Sullivan, shi ne ke tsara shi, shi ke zaɓen masu jawabi, kuma saboda shi mutane ke zuwa. Amma taron mallakar kamfani ne. A 2005 aka sayar da shi, haɗe da jaridun intanet da ke tare da shi, ga kamfanin Incisive Media na Ingila a kan dalar Amurka miliyan 43, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A 2006 Sullivan ya sanar da cewa zai tafi, don ba su daidaita da sababbin masu gidan ba. A 2007 ya buɗe nasa taron, SMX, a birnin Seattle. Kamfanin ya naɗa waɗansu a gurbinsa, amma a 2014 aka fara sauya sunan taron daga SES zuwa ClickZ Live. Masu kuɗi sun sayi sunan taron, amanar jama'a kuwa tana wurin mutum guda, da ya tashi ya tafi da rabonsa.

Shin ba haka muke ba a nan? Aya da wake da riɗi da ke fita daga Gangara da Gazawa da Agiye zuwa Katsina da Kano, sau da yawa a kan amanar dattijo guda suke tafiya. Shi ya san masu saye, shi ke sasanta rikicin awo, lambobin manyan dillalai duk suna cikin wayarsa. Ranar da ya kwanta ciwo, ko ya yi fushi ya janye, taro ya watse, manomi ya sayar da buhunsa a wulaƙance.

Maganin wannan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Lokacin Taron Ƙasa da aka buɗe a Yamai ranar 29 ga Yuli 1991, wakilai ne da kansu suka zaɓi Farfesa André Salifou, malamin tarihi, ya shugabanci zaman. Aka kuma hana shugabannin riƙon ƙwarya tsayawa takarar shugabancin ƙasa ta 1993, don kada mai rabon nama ya zaɓar wa kansa tsoka.

Saboda haka ga shawarata. Da farko, a rubuta aikin shugaba da wa'adinsa kafin a ambaci sunan kowa, domin da zarar suna ya fito, kowa zai ɗinka dokar daidai wuyan ɗan takararsa. Na biyu, masu biyan kuɗin ƙungiya su ne za su zaɓa, har da mata masu sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na uku, sunayen masu saye da lissafin kuɗi su zauna a littafin ƙungiya, inda kowa ke iya dubawa. Na huɗu, a girmama mai sauka, a roƙe shi ya yi shekara guda yana gabatar da magajinsa ga abokan hulɗa. Wanda aka sallama da wulaƙanci, gobe zai kafa rumfarsa daura da taku.

Ku kuma ma'aikata, daga ofishin perefe har na magajin gari, aikinku shi ne ku shaidi zaɓen, ku tabbatar an bi doka. Kada ku kawo mana ɗan lelenku ku ɗora. Mai saye daga Katsina ba ya tambayar wa ya naɗa shugaba. Abin da yake tambaya shi ne ko tiya ta cika, ko alkawari zai tabbata.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya sa albarka a kasuwanninmu.