Ƙwayar gyambon ciki da rubutun da ke jikinta

Ƴan'uwa masu yaƙi da jahilci na Ibohaman, da Keita, da Buza, da Madawa. Yau zancenmu na gyambon ciki ne.

Da, ana cewa yunwa da yaji da yawan tunani ke kawo shi. A 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama cikin tumbin mutum. Sunanta Helicobacter pylori. Ido ba ya ganin ta. Ita ce ke kawo yawancin gyambon ciki. Marshall ya sha ta da kansa a 1984, ya yi ciwo, don mutane su yarda. An ba su kyautar Nobel a 2005.

Ku da kuka koyi baƙi da wasali, ku saurara. Kowace halitta tana da rubutu cikin jikinta, mai haruffa huɗu kawai: A, C, G, T. A 1997 masana a Amurka suka karance na wannan ƙwaya kaf. Haruffa fiye da miliyan 1 da dubu 600 ne.

Mene ne amfanin karatun? Na ɗaya, ya nuna dabarun da take tsira da su daga tsamin tumbi. Na biyu, yana nuna ƙwayar da ta daina jin magani. Na uku, ya ba da tarihi. A 2007 aka gane cewa ta fita daga gabashin Afirka tare da mutane, kimanin shekara 60,000 da suka wuce.

Yawanci tun ana yaro ake ɗaukar ta, ta baki, ko ta ruwa da abinci marasa tsabta. Da yawa suna ɗauke da ita ba su ciwo. Wasu kuwa tana kai su ga gyambo, har ga kansar tumbi.

To, ga gargaɗi. Ku wanke hannu da sabulu. Ku tafasa ruwan tabki. Kanwa tana kwantar da zafi, amma ba ta kashe ƙwayar. Asfirin na ƙara gyambo. Wanda ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin, a kai shi gidan likita nan da nan. Maganin na kwana 10 zuwa 14 ne. A shanye shi duka, ko an ji sauƙi, don ragowar ƙwayar kada ta taurare.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.