Jawabi Bisa Labarun da Aka Ƙaga wa Mutanen Sawaba

Ya ku malamai da almajirai da kuka taru nan Sharada, nufina in yi muku magana bisa Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, da abin da bakunan mutane suka mai da su.

Ku sani an ɗinka musu riga biyu, ba wadda ta zauna musu. Ta fari abokan gaba suka ɗinka ta, zamanin En'e. Suka ce 'yan NEPU marasa kunya ne masu raina manya, har waɗansu suka jefe su da kafirci. Alhali Malam Sa'adu ɗan gidan malamai ne a Bauci, ya ƙoshi da Larabci da fiƙihu kafin ya tafi makarantar Yaba cikin 1934. Malam Aminu kuwa daga Gyanawa ya fito, gidan alƙalai, ya kuwa yi tafsiri a Kano. Da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi suka riƙa kafa wa sarakuna hujja.

Riga ta biyu ta fi damuna, don masoya suka ɗinka ta, ita ake yayi yau. Mai neman ƙuri'a in ya iso ƙofar masana'antun Sharada ko Challawa ko Bompai, sai ya ce shi ne magajin Malam, wai Malam shi kaɗai ya kafa NEPU. Ba haka ba ne. Ran 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa ta a Kano, cikinsu da Abba Maikwaru da Bello Ijumu, Bayaraben Kabba. Sa'an nan Malam yana aikin koyarwa a Maru, sai 1953 ya zama shugabanta. Ba su kuma faɗin ya riƙe kwamishina a gwamnatin Janar Gowon tun 1967, balle saɓaninsa da Abubakar Rimi da Balarabe Musa, wanda ya tsaga PRP gida biyu, Santsi da Taɓo.

Shi ko Malam Sa'adu ya rasu cikin 1958, bai ga 'yancin kai ba, shi ya sa kowa ke sa masa magana a baki. Na ji ana cewa waƙarsa, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, kira ce a rushe sarauta. Ku nemo ta ku karanta da kanku. Gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara, su yi adalci, kada sarautar ta kuɓuce musu. Wassalamu.