Faransawa a Bakin Ƙofarmu

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

An umarce ni in yi magana a kan Faransawa da al'adunsu da abincinsu da ayyukan da suka shahara da su. Da saƙon ya iso sai da na yi dariya, domin a ajinmu babu wanda ya kai ni sulalewa in malamin Faransanci ya doso. Malam, ga ni gabanka yau, a yafe mini.

Mu mutanen Birnin Tsaba da Zurmi da Shinkafi ba sai mun je Faris ba, iyakar Nijar tana bayan gidanmu. Duk wanda ya taɓa karya kumallo a Maraɗi ya san dogon burodin nan mai ɓawo da ake tsagawa a zuba ƙwai ko nama. Gadon Faransawa ne. Fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, babu sukari irin namu, shi ya sa in ya kwana sai ya yi tauri kamar itace. A 2022 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. A can gida, Faransawa ba sa son cin abinci a gaggauce. Zama ake yi, ana kawo kala bayan kala ana hira, kuma cuku kaɗai suna da iri ɗaruruwa. Giya da naman alade dai mun bar musu.

Har bakin 'yan uwanmu na tsallake sun shiga: makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe, kuɗi kuwa sefa.

Idan aka zo maganar shahara, kowa hasumiyar Eiffel ta 1889 yake ambata, ko kofin duniya na 1998 da 2018. Ni abin da ya fi burge ni yana jikinmu. Tabon rigakafin tarin fuka da yawancinmu ke da shi a dantse, na allurar BCG ne, aikin Calmette da Guérin, wadda aka fara yi wa ɗan Adam a 1921. Likitan soja Laveran ne ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jini a Aljeriya a 1880, Louis Pasteur kuma ya fito da rigakafin cizon mahaukacin kare a 1885. Mita da kilo daga gare su suka fito. Haka Fijo, da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Wa zai manta da 504 a hanyar Ƙaura Namoda?

Amma ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta karkashe jama'a. Yarjejeniyoyin da suka yi da Ingila tsakanin 1898 da 1906 su suka shata iyakar da ta raba Gobirawa da Katsinawa gida biyu. A ƙarshen 2023 sojojinsu suka fice daga Nijar, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Kada wannan ya sa mu ce harshen ya mutu. An taɓa tura ni wani taro a Maraɗi. Hira da Hausa muka sha, har da barkwanci, amma da aka miƙo takardar sa hannu, da Faransanci take. Sai da na nemi wani yaro ya karanta mini, ni da digirina.

Na sami labari makarantarmu ba ta da malamin Faransanci yanzu. Saboda haka ina gabatar da shawara ƙungiya ta ɗauki nauyin albashin malami ɗaya na shekara biyu, ni zan biya watanni ukun farko. Ma'aji, a rubuta sunana.

Wassalamu alaikum.