Bayan Targaɗe, Yaushe Yaro Zai Koma Rairayi?

Jawabin da ɗan'uwanmu, tsohon mushen wasanni, ya yi a taron wata na ƙungiya a Sabon Gari, Maraɗi. An buga shi domin na gida da waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Shugaba ya ce in yi magana a kan ɗiyanmu da ke gangarawa gulbi da marece suna balon hannu cikin rairayi, saboda tun da ruwa ya janye sau ukku ke nan ana taɓa asusun ƙungiya don wanda ya ji ciwo a can. Wasan nan ba yaran suka ƙago shi ba. A Italiya aka tsara shi wajen 1992, aka yi gasarsa ta duniya ta farko a Masar a 2004. Su a bakin teku suke yi, mutum huɗu-huɗu, ba takalmi, minti 10 sau biyu. Mu ba mu da teku, amma in Gulbin Maraɗi ya ƙafe, daga Jiratawa har Tibiri rairayi ne shimfiɗe. A dokar wasan, wanda ya yi tsalle ya juya a sama kafin ya jefa, ci biyu ake lissafa masa. Wannan ya sa kuke ganin suna ta tashi sama kamar fara, kuma wajen saukowa ne idon sawu da gwiwa ke shan wuya, kafaɗa kuwa wajen jifa da faɗuwa.

Ni ba zan ce a hana su ba. Mu jikokin ƴan kokowa ne, a rairayi Kantu ya ɗauko wa Maraɗi takobi a Tawa a 1975. Abin da nike so ku riƙe shi ne, tafiyar zafi ba ita ce warkewa ba.

Ku dubi igiyar guga. In wasu zaruruwanta suka tsinke, ido na ganinta lafiya, tana ma iya jawo rabin guga, amma ranar da aka cika shi, sai a ji shi a ƙasan rijiya. Haka jijiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi suke. In yaro ya yi targaɗe, kumburi da zafi kan tafi cikin sati ɗaya ko biyu, jijiyar kuwa sai ta yi sati 6, wani lokaci har 12, kafin ta yi ƙwari. Tsakanin nan ne ake ɓarna, yaro ya ce ya warke, uba ya ga yana tafiya sai ya yarda.

Akwai wani yaro ɗan garinmu, ba zan kama suna ba, uwarsa na nan zaune ta kuwa ba ni izini. Kafaɗarsa ta goce yana da shekara 17. Aka mai da ita, aka gode Allah. Kwana 10 abokai suka zo suka ce ana wasa da wata unguwa ba su da mai jifa kamarsa, ya haɗiyi tramol ya tafi. Ba a kai hutun rabi ba ta sake fita. Yanzu ta fita ya fi sau biyar, har cikin barci ta taɓa gocewa. Ya zo birni ne don ya yi dako ya aika gida, ga shi buhu ya gagare shi, damana ta zo hauya ma sai ƙanensa ya karɓa. Kafaɗar matashi in ta goce sau ɗaya, sauƙin sake fita gare ta fiye da ta dattijo, don haka ake rataye hannun sati biyu zuwa ukku, sa'an nan a soma motsa shi kaɗan-kaɗan, a ƙarfafa naman da ke riƙe da ita, jifa da ƙarfi kuwa sai wajen wata ukku. Sauri ya haifi nawa. Tramol ɗin nan kuma, Allah wadai, bai ɗinke komi ba, bakin ciwon kawai ya rufe don kada ya yi ƙara.

To, in ciwo ya auku, kwana biyu zuwa ukku na farko a bar wurin ya huta. A ɗora tsumma mai ruwan randa, ko ƙanƙara naɗe cikin ƙyalle kamar minti 15, a naɗe da bandeji ba tamau ba, in ya kwanta a ɗaga ƙafar bisa matashi. Gashi da ruwan zafi da murza da ja, a dakata da su tukuna, kumburi suke ƙarawa.

Na san maganar mai ɗori na bakin kowa. Dattawa, ku gafarce ni, ban raina gadon kowa ba, ni kaina mai ɗori ya gyara mini yatsa ina yaro. Amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi, hoton asibiti ke gani. In yaro ya kasa taka ƙafa taku huɗu, ko kuwa ka danna ƙashin idon sawu kansa ya zabura, ko gaɓa ta karkace, ko ƙashi ya huda fata, sai likita, a ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa. Ƙananan yara sun fi ban tsoro, domin a bakin gaɓarsu akwai wurin da ƙashi ke yin tsawo, in ya tsage aka ɗaure a karkace ƙafa ɗaya na iya fin ɗaya. Kuma ko wa ya yi ɗorin, na gida ko na asibiti, ku riƙa duba yatsu. In suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka mutu, ko zafi na ta ƙaruwa ba ya jin magani, ɗauri ya matse jini. A sassauta nan take a nufi likita ko tsakar dare ne. Wannan ba ya jiran safiya, ta haka ake rasa hannu. Wanda kwalba ko ƙarfe ya yanka cikin rairayi a wanke da ruwa da sabulu, a tambayi allurar rigakafin ciwon sandarewa. Wanda ya bugu a kai har ya ga jiri, wasansa na ranar ya ƙare ko da ya rantse lafiya lau yake, in ya soma amai ko barci na dannarsa, sai likita.

Iyayenmu mata, ku kuma naku laifin na tausayi ne. Kukan kwantar da yaro wata guda ku hana shi motsi. Gaɓar da ba ta motsi sandarewa take yi, nama ya zube. Da kumburi ya sauka, sai a soma aiki. Ya zauna ya riƙa juya sawu yana zana da'ira da babban yatsa. Ya dafa bango ya tashi bisa yatsu ya sauka. A ɗaura tsohon tiyub na keke a turke ya riƙa ja da ƙafa, ciki da waje. Wanda ya fi duka amfani, ya tsaya da ƙafa ɗaya, farko ido buɗe, daga baya a rufe, domin targaɗe na sa ƙafa ta manta yadda za ta sauka daidai, sai an sake koya mata. Tafiya a ƙasa mai tauri tukuna, sa'an nan sassarfa, sa'an nan gudu. Rairayi shi ne na ƙarshe, don taushinsa na ruɗi, ƙafa ba ta samun matsaya a ciki.

Gwiwa kuwa, in aka ji ta yi ƙas ta kumbura cikin sa'a biyu, ko tana sulluɓewa in ya juya, wannan ya wuce gida. In babbar jijiyar ciki ce ta tsinke har aka yi aiki, wajen wata 9 ake lissafi kafin wasa.

Roƙona ga ƙungiya biyu ne. Na ɗaya, in za a taimaka, a fara biyan kuɗin mota da na hoto, kada a jira sai abu ya lalace a zo ana tara jikkuna. Na biyu, kada a bar wa yaro da abokansa yanke ranar komawa. Babba ya tsaya, ya sa shi ya tsaya da ƙafar mai ciwo rabin minti, ya yi ɗingishin langa da ita sau goma, ya ruga ya yi kwana. In ya ɗaure fuska ko ya fi dogara ga mai lafiyar, da saura.

Ran Lahadi bayan la'asar zan gangara gulbi da tiyub ɗina. Duk mai yaron da ya taɓa targaɗe bana ya turo shi, uban ma ya biyo in ya samu hali.